Daga Mashigin Dendi Zuwa Detroit: Hanyar Goro da Littafin Gado

Wanda ya bar Malanbil ya bi gaɓar Kwara yana gangarawa, kafin ya taka ƙasar Najeriya sai ya ratsa Madekali. Gari ne na manoman shinkafa da albasa da kuma masunta, a can ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin. Gaba kaɗan Lolo ce ta Jihar Kebbi, bayanta Illo, tsallaken ruwa kuwa ƙasar Gaya ce ta Nijar. Sefa da naira duk suna yawo a hannun mutane, kuma a zama ɗaya kunne zai ji Dendanci da Hausa da Fulatanci.

Iyakokin da suka kewaye garin ba su daɗe ba. A 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar da ta bar Illo a hannun Ingilishi, Madekali da garuruwan da ke sama da ita a gaɓar kogin kuma suka faɗa rabon Faransa. Ita kanta Malanbil, mai babbar kasuwar da ake zuwa daga ƙasashe uku, garin zamanin Turawa ce, sunan wani gwamnan Dahomey, Henri Malan, aka laƙaba mata. Kafin duk wannan, yankin sunansa ɗaya: Dendi. Nan ne kudancin daular Songhai, inda Askiya Nuhu ya ja daga bayan sojojin Maroko sun karya daular a Tondibi a 1591. Gaya da Karimama da Madekali duk 'ya'yan wannan tarihi ne, kuma harshen Dendi ɗan'uwan Zabarmanci ne na kusa.

Abin da ya sa fataken ƙasar Hausa suka san Dendi kamar tafin hannunsu shi ne goro.

Goron da ake ci a Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarni na 18 da na 19 daga dazuzzukan Asante yake fitowa, a ƙasar Ghana ta yau. Bahaushe ba ya shiga dajin. A kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja ake haɗuwa, shi ya sa aka san shi da goron Gwanja. Ayari kan tashi bayan damina, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da jan fata da gabu, wato busasshen ganyen albasa, a bi ta Jega, a zo a tsaya a bakin Kwara. Wasu su tsallake ta Yawuri ko Busa, wasu ta mashigan Dendi, wajen Illo da Gaya, inda ake ƙara kaya da gishirin kwarin Foga. Daga nan a shiga ƙasar Bargu, ta Kandi ko ta Nikki, a sauka Jugu, wadda Faransawa ke rubutawa Djougou, sannan a miƙe yamma har Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara cur.

Tafiyar tana da tsari kamar na gari. Madugu ne uban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai malamin ayari mai addu'a da lissafi, akwai mata masu dafa abinci suna ɗan kasuwancinsu a gefe, akwai bayi da 'yan alaro masu ɗauka a ka. A hanyar dawowa aiki ya fi yawa, domin goro ba ya son iska: sai an riƙa kwance shi ana tsince wanda ya ɓaci, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ɗanyen ganye. Ga kuma mahara a dajin Bargu, waɗanda suka sa ba mai yin gangancin tafiya shi kaɗai. A 1826 matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya ci karo da wani ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu, maza da mata, dabbobin kaya ma kusan haka.

Duk inda ayari ke yada zango shekara da shekaru, unguwa takan tsiro. A Jugu sarauta tana hannun 'yan ƙasa a unguwar Kilir, kasuwa da masallatai kuwa suna hannun baƙi Musulmi a unguwar Wangara. Cikinsu akwai masu asalin Mali, akwai Barebari, akwai Hausawa, amma harshen da ya haɗa su shi ne Dendanci. Harshen bakin kogi ya bi sawun jakuna ya gangara kudu, ya zama harshen kasuwa a Kandi da Paraku da Jugu, kuma har yau haka abin yake. Mutumin Madekali zai iya cinikin doya a Jugu ba tare da tafinta ba.

Fatake mutanen lissafi ne da wasiƙa. Sun bar takardun bashi da addu'o'in tafiya da sunayen zango-zango, amma ba al'adarsu ba ce mutum ya zauna ya ba da labarin ƙuruciyarsa a rubuta. Ɗaya daga cikin 'yan bayanan da ake da su daga bakin wanda ya tashi a cikin irin wannan unguwa, a birnin Detroit na Amurka aka buga shi, a 1854, cikin Turanci. Ɗan ƙaramin littafi ne, shafinsa sittin da 'yan kai, kuma sunan mai labarin a cikinsa Mahommah Gardo Baquaqua.

Muhammadu Gado ke nan, in aka cire rigar rubutun Turawa. Shi da kansa ya bayyana cewa an haife shi bayan tagwaye, abin da sunan Gado ke nufi ke nan, wanda a Kano da an kira shi Gambo. An haife shi a Jugu a shekarun 1820. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne Musulmi, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Katsina ce, daga gidan masu hali. Kawunsa maƙerin fada ne, yana kuma da gida a Salaga. A cikin gida ɗaya ke nan an haɗa Katsina da Jugu da Salaga, farko da tsakiya da ƙarshen hanyar goro.

Bai ɓoye halinsa na yaranta ba. An sa shi makarantar allo ƙarƙashin wansa, wanda malami ne, amma karatu bai zauna masa ba, kullum gudu. Sai aka mai da shi maƙera wajen kawu, ya koyi ƙirar allura da wuƙa. Da ya tasa ya bi wansa zuwa Daboya a ƙasar Gwanja yana ɗaukar hatsi, yaƙi ya rutsa da shi aka kama shi, wan ya fanshe shi. Wannan ita ce bautarsa ta fari, kuma ta nuna yadda zumuncin fatake ke aiki: in an kama naka a kan hanyar da kake da mutane, akwai yadda za a yi. Da ya dawo gida ya shiga barantakar wani basarake kusa da Jugu, ya zama ɗan gaban goshi, ya kuma koyi shan giya. Ta nan aka same shi. Wasu suka gayyace shi wani ƙauye, suka yi ta kambama shi suna cika masa ƙoƙo. Da gari ya waye ya farka a ɗaure.

A wannan karo kudu aka yi da shi, inda danginsa ba su da kowa. Daga hannu zuwa hannu, ta ƙasar Dahomey, har bakin teku wajen Wida, inda aka ɗora masa ƙarfe mai zafi aka yi masa shaida kamar dabba. A 1845 aka zuba shi cikin jirgi. Abin da ya fi tsaya masa a rai daga tafiyar shi ne duhun cikin jirgin da wari da ƙishirwa, ga abinci ɗan dafaffen masara. Tun 1831 dokar Barazil ta hana shigo da bayi daga Afirka, amma dokar a takarda ta tsaya, don haka a ɓoye aka sauke su a wata gaɓa ta lardin Pernambuco.

Wani mai gidan burodi ya saye shi. Ya yi dakon duwatsun gini, ya yi tallar burodi, in bai sayar ba a yi masa bulala. Ya koma shan giya, ya gwada gudu aka kamo shi, ya faɗa kogi don ya huta da duniya aka tsamo shi. Daga ƙarshe aka kai shi Rio de Janeiro aka sayar wa Clemente José da Costa, kyaftin ɗin wani jirgin ruwa mai suna Lembrança. Aka sa masa sunan ubangidan, ya zama José da Costa, yana hidima a jirgi tsakanin Rio da kudancin ƙasar.

A 1847 jirgin ya ɗauki buhunan kofi zuwa New York, jihar da ta soke bauta tun 1827. Tun a teku wani matuƙi ya koya masa kalmarsa ta farko ta Turanci, wadda ke nufin 'yantacce. Da suka iso a watan Yuni, masu yaƙi da bauta na birnin suka shigar da ƙara don a sake shi da abokin bautarsa. Alƙali ya ce ma'aikatan jirgi ne, a mai da su ga kyaftin. Ana cikin ɗaukaka ƙara aka ajiye su a kurkukun titin Eldridge, kuma wata safiya a watan Agusta masu gadi suka tarar ɗakin wayam. Aka bi da su ta Boston, aka sa su a jirgi zuwa Haiti, ƙasar baƙar fata da ta kori bauta da ƙarfin makami tun 1804.

A Port-au-Prince ya sha wuya, ba harshe ba dangi, har wani ɗan mishan na Baptis, William Judd, da matarsa suka ɗauke shi. A 1848 aka yi masa baftisma. A ƙarshen 1849 ya koma Amurka, ya yi shekara uku yana karatu a New York Central College da ke McGrawville, ɗaya daga cikin 'yan makarantun wancan zamani da ke karɓar baƙi da farare, maza da mata, har da malamai baƙar fata. Yaron da ya gudu daga allo a Jugu ya zauna aji a ƙasar ƙanƙara yana haɗa baƙin boko. Burinsa ɗaya ne a duk wasiƙun da ya rubuta a lokacin: a taimaka masa ya koma Afirka. A 1854 yana zaune a Chatham ta Kanada, tsallaken iyaka daga Detroit, ya shirya littafin da yake fatan kuɗinsa zai kai shi gida.

A nan marubucin tarihin rayuwa ya shigo. Bangon littafin ya ce wani Samuel Moore ne ya rubuta, ya kuma gyara, daga bakin mai labarin. Moore mai adawa da bauta ne. Hannunsa a bayyane yake: yakan tsaya ya yi wa'azi, ya cusa baitocin waƙoƙin Turanci, ya yi wa mai karatu Ba'amurke bayanin da zai taɓa zuciyarsa. Kashin farko, mai siffanta Jugu da ganuwarta da kasuwarta da azumi da bikin salla da aure da jana'iza, da muryar Moore aka rubuta shi, ana cewa Mahommah ya ce kaza. Amma da aka zo kan kamu da jirgi da Barazil, sai muryar ta juye, mai labarin ya karɓi zancensa yana cewa ni. Haƙƙin mallakar littafin kuma da sunan Baquaqua aka yi rajistarsa a kotun Michigan.

Moore ya rubuta sunaye yadda kunnensa ya ji su. Jugu ta zama Zoogoo, Katsina ta zama Kashna, Salaga ta zama Sal-gar. Ga mai karatu a Amurka waɗannan ba su da maraba da sunayen tatsuniya, kuma littafin ya yi fiye da shekara ɗari kusan a mance. A 1984 wani malamin Amurka, Allan Austin na kwalejin Springfield, ya sake fito da shi cikin babban kundinsa a kan Musulmin Afirka da aka bautar a Amurka, tare da labaran irin su Ayuba Sulaiman Diallo da Umar ibn Said. Austin ya tattara rayuwar mutanen da tarihin Amurka ya ɗauka ba su da suna ba su da karatu, ya nuna da yawansu sun fito daga gidajen ilimi.

Wanda ya warware ƙullin sosai shi ne mutumin da ya riga ya san hanyar. Paul Lovejoy, haifaffen Amurka a 1943, ya zo Kano a ƙarshen shekarun 1960 yana ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Wisconsin, ya zauna da dattawan fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, yana tambayarsu yadda iyayensu suka yi fataucin Gwanja. Daga wannan aiki littafinsa Caravans of Kola ya fito, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buga a 1980. Daga baya ya yi wani a kan gishiri da kanwa, wanda ya taɓo har kwarin Foga. Abokin aikinsa Robin Law, ɗan Birtaniya na Jami'ar Stirling, masanin Dahomey ne da Wida. Ɗaya ya san arewacin hanyar, ɗaya ya san kudancinta.

A 2001 suka fitar da littafin Baquaqua da dogon sharhi. Suka bi sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya suka ɗora su a taswira. Suka ɗauki kalmomin da ya faɗa wa Moore, har da ƙidaya, suka nuna yawancinsu Dendanci ne, da ɗan Hausa a ciki. Suka tono jaridun New York na 1847 da suka ba da labarin shari'ar, da mujallun mishan, da wasiƙun da ya rubuta da hannunsa cikin Turancinsa mai tuntuɓe. Hukuncin da suka yanke shi ne, duk da kwalliyar Moore, littafin na Gado ne, kuma ya kamata a karanta shi a matsayin labarin da mutum ya ba da na kansa. Shi ne kuma kaɗai irinsa da aka sani daga bakin haifaffen Afirka da ya yi bauta a Barazil, ƙasar da ta fi kowace karɓar bayi daga Afirka, wadda ba ta soke bautar ba sai 1888.

Muhimmancin irin wannan tantancewa ya fito fili a wata muhawara da ta biyo baya. Vincent Carretta, masanin adabi na Jami'ar Maryland, ya wallafa tarihin Olaudah Equiano a 2005, inda ya kawo takardar baftisma da rajistar wani jirgi masu cewa a Carolina ta Amurka aka haifi Equiano, alhali shi ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi aka sato shi yana yaro. Lovejoy na cikin waɗanda suka mayar masa da martani, suna kare asalin da Equiano ya faɗa. A kan Gado irin wannan gardama ba ta samu wurin zama ba. Ba wanda zai zauna a Michigan a 1854 ya ƙirƙiro kawu mai gida a Salaga, da uwa Bakatsiniya, da yaƙin Daboya, da ƙidaya cikin harshen da ake yi a bakin Kwara. Hanyar goro ce ta tsaya masa shaida.

A farkon 1855 Gado ya shiga jirgi zuwa Liverpool, yana neman hanyar Afirka ta Ingila. Takarda ta ƙarshe mai ɗauke da sunansa ta 1857 ce, a rubuce-rubucen ƙungiyar mishan da ta taimake shi, kuma har a lokacin maganar komawa gida yake yi.

Hanyar da ta haifi gidansu ita ma ba ta yi nisan kwana ba bayansa. A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni. A 1892 yaƙin basasa ya watse Salaga, malamai da fatake suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, Bakanon malamin nan mawaƙi da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Manoman ƙasar Yarbawa kuma suka shiga shuka irin goron na Gwanja. Jakin da ke wata uku a hanya ba shi da abin cewa.

Mashigin Dendi bai mutu ba, alƙibla ya sauya. Maimakon gabas da yamma, kaya suka koma bin kudu da arewa. Layin dogo daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, manyan motoci suka ɗauka daga nan zuwa bakin kogi, a 1958 kuma aka gama gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Gyaɗar Nijar ta bi ta kai zuwa teku, daga baya yuraniyom, kayan tashar jiragen Kwatano kuma suka riƙa hawowa. Albasar da a da ake busar da ganyenta a ɗora wa jaki, yanzu buhu-buhu take cika tirela.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar, motoci suka yi layi na kilomitoci a ɓangaren Benin. Mutane kuwa suka gangara bakin ruwa. Masu kwalekwale na Malanbil da Gaya da ƙauyukan gaɓar, irin su Madekali, suka koma aikin kakanninsu na fito, suna tsallakar da fasinja da buhuna da babura, ana ciniki da Dendanci da Hausa, harsuna biyun da Samuel Moore ya ji a bakin Gado ya rubuta yadda ya iya.